Ƙusoshin Kawu Sale a Ɗakin Shan Magani

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sale, ma'aikacin ɗakin shan magani a Dingaya. Sai da na tambayi mahaifiyata da matarsa kafin in rubuta tara. Sun saɓa a kan watan, amma sun dace a kan shekarar.

A zamaninsa, mara lafiya yakan bi ta hannu huɗu, babu wanda ya san abin da wani ya yi: ɗakin shan magani, mai gwajin jini, likita a Birnin Kudu, sai mai kemis a kasuwa. Kawu ya kafa ƙusoshi a bango, kowane gida da tasa. Duk wanda ya tura birni, dole ya dawo masa da takardar likita da kwalin kowane magani, ya soke su a ƙusar gidansu. Ana yi masa dariya, wai shara yake tarawa.

Abin da zan faɗa yanzu ban gani da idona ba, daga bakin Inna, mahaifiyata, na ji. Tana shan maganin hawan jini, sai jiri ya riƙa kayar da ita a madafa. Kawu ya zare kwalayen gidanmu ya jera, ya gano magani ɗaya take sha sau biyu: na asibiti fari, na kemis ja.

"Yaya, so kike ki riga ni tafiya? Ajiye jan nan."

"Ai shi ne mai ƙarfin."

"Shi ya sa!"

Bana na kai ta wani asibiti da ya haɗa ƙaramin asibitin ƙauye, ɗakin gwaji da kantin magani a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Kafin ta zauna, likita ya ga duk abin da aka ba ta a ƙauye cikin kwamfuta. A jami'a an koya mana wannan tsari da dogon suna. Ba zan ce Kawu ne ya ƙirƙiro shi ba, domin ba ni da hujja. Mamakina shi ne yadda ya hango shi da guduma kawai. Da ya ga wannan rana, ina jin zai tambaya ko mai kemis na kasuwa yana cikin tsarin.

Ba ya ciki. Wannan tambayar ce ta rage mana daga gare shi, Allah ya jiƙansa.

Likita ya tambayi Inna ko tana shan wani abu dabam, ta ce babu. Muna cikin motar komawa ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙwayoyin da ta saya a kemis.

"Wannan ai ba magani ba ne, na ciwon gwiwa ne kawai."

Na ce wa direba ya tsaya. Muka sauka, muka koma wurin likita.