Waƙar Kiran Auta

Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, wasu matasan Jega da suka gama sakandare ba su samu abin yi ba suka haɗa wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe. A filin wata firamare suke yi, bayan la'asar. Su jera gangunan mai, su shimfiɗa katako a kai, su rataya zannuwan iyayensu su zama labule. Akwai mai kalangu, akwai mai gurmi, sai wata lasifika mai aiki da batirin mota wadda kan shaƙe in an ɗaga murya.

Labarin ba shi da tsawo. Wata tsohuwa ce mai 'ya'ya biyu. Autan ya yi faɗa da wansa a kan gona, ya yi fushi ya tafi Kudu, aka daina jin ɗuriyarsa. Uwar takan fito bakin zaure ta yi waƙar kiransa, shi kuma ya amsa daga bayan labule. A ƙarshe yakan dawo, a rungume juna, a tashi. Shi ke nan. Amma ni da nake fataucin albasa a lokacin, na kalli wasan nan har na haddace inda kowa ke jan numfashi.

Ni na fara kai kawuna. Yayan mahaifiyata ne, yana zaune wajen Kimba da 'yan shanunsa. Ɗansa namiji tilo ya bi motar shanu zuwa Kudu shekarun baya, kuma tun daga nan ba shi ba labarinsa. Na ɗauko Kawu a babur ne don ya ɗan yi dariya, domin akwai wuraren ban dariya a wasan. Ya kuwa yi. Sai yarinyar da ke fitowa a uwa ta ɗago labule, ta shafa toka a gira, ta ranƙwafa kamar mai shekara saba'in, ta fara:

"Auta, komo gida, gero ya nuna,
Na ɗebe maka naka na rufe da faifai,
Kaji sun kwanta, ni ban kwanta ba."

Kawu ya ja rawaninsa ya rufe baki. Muka koma Kimba. Sai da ya sauka, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ɗan nan, yaushe za su koma yi?"

Tun daga ranar ba a sake yin wasan ba mu nan ba. Muka haɗu da wani tela mai shago kusa da tasha, da wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, waɗanda su ma ba sa fashi. Tabarmarmu ɗaya, kullum a gaba, har mutane suka sa mana suna 'yan tabarmar gaba. In an tashi mukan tsaya musu: tela ya ce yau muryar yarinyar ta fi ta makon jiya, tsohuwa ta ce a'a, yau sauri ta yi, mai kalangu ne ke kora ta. Da 'yan wasan suka fara fita wasu garuruwa muka bi su. Mun je Aliero lokacin cirar albasa, gari duk ya ɗauki wari, muka zauna cikin manoma da suka zo da ƙasa a ƙafa. Mun je Maiyama a bayan a-kori-kura, tsohuwa na riƙe da tabarma, Kawu na riƙe da ita.

Yaran ma sun san mu. Wanda ke fitowa a Auta siriri ne, ɗan wani mahauci, mai murya kamar sarewa. Mu dai Auta muke kiransa ko a kasuwa. Yarinyar kuwa mahaifinta ya bar ta shiga wasan ne don yayanta shi ne mai kalangu. Tela ya ɗinka wa Auta rigar da yake komowa gida da ita, bai karɓi komai ba. Kawu kuma ba ya zuwa hannu sake: gorar nono da ɗan kwalbar zuma, wai don maƙogwaro. Yakan tsaya bayan labule har sai ya ga Auta ya sha. "Ɓingel am," yake ce masa da Fulatanci, wato ɗana. Shi kuma yaron ya durƙusa ya ce, "Baffa, Allah shi bar mana kai."

Matan gidan Kawu sun yi ta magana, wai tsoho da furfura yana bin 'yan wasa gari-gari. Bai taɓa tanka musu ba. Sau ɗaya kawai, muna kan babur, ya ce mini, "Can cikin wasan dai ɗan yana komowa. Kullum yana komowa."

Sai guguwar siyasa ta taso. Wani mai neman kujera ya zo kallo a Aliero, aka ajiye masa kujerar ƙarfe kusa da tabarmarmu. Bayan nan muka ji ya saya wa yaran janareta da sabuwar lasifika, ya kuma ba su aron ƙaramar bas. Wallahi murna muka yi. Tsohuwa har guɗa ta rangaɗa, ta ce wahalar yaranmu ta ƙare.

Aka yi shela za a yi gagarumin wasa a Maiyama. Muka tafi da wuri kamar yadda muka saba, amma muka tarar an cika gaba da kujeru da rumfa. Wasu samari masu sanduna da huluna iri ɗaya suka ce mu matsa baya. Tela ya ce, "Mu ne fa 'yan tabarmar gaba." Ɗayansu ya ce, "To ku kai ta baya ta zan ta baya." Muka tsaya cikin rana a gefe, Kawu na rungume da gorarsa.

An fara kamar kullum, faɗan gona, tafiyar Auta. Yarinyar ta fito da tokarta, aka saki kiɗan da muka sani. Na ji Kawu ya gyara tsayuwa. Sai ta buɗe baki:

"Alhaji, taho, ƙasa ta nuna,
Mun ɗebe maka ƙuri'a mun rufe da faifai."

Na ɗauka kunnena ne. Amma da aka zo wurin komowar Auta, sai mai neman kujerar nan da kansa ya hau katako da babbar rigarsa, tsohuwar wasa ta durƙusa masa, Auta kuwa ya fito daga gefe riƙe da makirfo yana jero masa kirari.

"Ba hakanan take ba!" Kawu ne. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Ɗanta take kira! Ɗanta!"

Kafin in riƙe shi ya kutsa tsakanin kujeru, yana rera ainihin baitin da muryarsa ta tsufa, kamar zai tuna wa yaran abin da suka manta. Samarin suka tare shi. Ɗaya ya sa hannu a ƙirjinsa ya tura. Ya faɗi a kan ƙarfen kujera, gorar ta fashe, nono ya malale har ƙarƙashin ƙafafun manya. Tela ya yi kansu, aka sauke masa sanda a kunne.

Ina durƙushe a kan Kawu na ɗaga kai. Yarinyar ta tsaya cak, sai da yayanta ya matsa kalangu da ƙarfi sannan ta ci gaba. Auta kuwa ya dube mu. Ba wai na zata ba ne, idonsa ya shiga nawa, ya sauka kan tsohon da ke kwance. Sannan ya juya wa wurin baya, ya ƙara kusanto da makirfo bakinsa.

Ƙugun Kawu ne ya karye. Muka kai shi wurin maɗoran Aliero, ya yi doguwar jinya a wani ɗaki mai warin man shanu da saiwoyi. Duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce: "Yaran sun tambaye ni?" Ni kuma in ce ban haɗu da su ba. Yarinyar ta aiko mahaifiyarta da dubiya sau ɗaya, kuma na ji ta bar wasan ba da daɗewa ba. Auta bai zo ba, bai aiko ba. Aliero kuwa sun yi wasa a cikinta Kawu na kwance, har yana jiyo janaretarsu daga inda yake. Ya ce in rufe masa taga.

Ya tashi da sanda, amma bai sake shiga taro ba. Kunnen tela bai sake ji sosai ba. Tsohuwa ta mayar da tabarmar wurin shanya ƙuli. Da sojoji suka rushe siyasar, mai neman kujerar ya aiko aka ɗauke bas da janareta, ƙungiyar ta watse. Kawu ya rasu a wata damina, ɗansa bai dawo ba, ba mu kuma san inda za mu aika masa ba.

Bayan shekaru, wata ranar kasuwar Jega, na kai buhunan albasa tasha. Kamashon da ke kiran fasinja ya juyo, sai ga Auta, ya yi ƙiba, muryar ta dushe. Ya washe baki ya kama hannuna.

"Yayana! Ina Baffa mai zuma?"

Na ce, "Ya rasu."

"Allah shi jiƙan shi. Mutumin kirki."

"Ka gan shi ran nan a Maiyama?"

Ya saki hannuna. "Na gan shi."

"To?"

Ya dubi motar da yake lodi. Sannan ya ce, "Kai kana da albasa, shi yana da shanu, tela na da keke. Mu mi muke da shi? So kuka yi mu tsufa bisa katako muna kiran Auta, ku yi kuka ku koma gida ku ci tuwo. Sannan kowa ya san in na aje makirfon nan, ni ma sanda zan sha."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma Aliero ba nisa gare ta ba, kuma dubiya ba ta bukatar makirfo ko izinin kowa.

Ya ce in kawo buhunan ya sama mini wuri mai kyau, motarsa ce a layi. Na ce masa ina jiran wani. Na zauna a kan kayana har ta cika ta tashi, sannan na sa aka loda mini a ta bayanta.