Gajeren Layin da Baba Ya Bi

Jiya masu manna fosta suka wuce ta ƙofar gidana da bokitin kullun rogo. Tsamin nan yana bugun hancina gabana ya faɗi, ni da na aurar da 'ya.

Ƙauyenmu yana bayan Illo, inda saniya kan yi kiwo a ƙasar Benin ta kwana a Najeriya. Zaɓen da na fara gani ba na jefa ƙuri'a ba ne. Hotunan 'yan takara ake mannawa da kullun rogo a jikin bishiyoyi, kowa ya bi layin wanda yake so, da rana tsaka. Fadamar da muke noma shinkafa kuwa aron mai gari ce, kuma ko jariri ya san hoton da mai gari yake so.

Ranar zaɓen da safe Inna ta tare Baba a zaure. "Malam, don Allah bi dogon layi. Hoto ba shi ba mu shinkahwa."

"Gwamnati ta ce kowa shi bi ra'ayinai, babu abin da za a yi mai," in ji Baba. Shi in dai rediyo ce ta faɗa, to magana ta zauna.

Ta ɓular zana na hango shi a gajeren layi. Ƙanen mai gari yana tafe a hankali, hannu a baya, yana duban fuskokin 'yan layin ɗaya bayan ɗaya. Tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Ruwan farko yana sauka, Baba ya tarar da wani yana huɗa a fadamarmu. Ya kai ƙara Bagudo, hedikwatar ƙaramar hukumarmu, aka yi ta ce masa ya dawo gobe, har shinkafar mutumin ta nuna. Shekarar, Gwaggo da ke aure tsallaken iyaka ce ta ciyar da mu. Tun daga nan, duk ranar zaɓe Baba keke yake hawa ya tafi gaishe ta.

Yanzu ni ina zuwa zaɓe, amma babban yatsana mai tawada a cikin hijabi yake har in iso gida. Zaɓen da ya wuce na lallashi Baba, na ce yanzu a ɓoye ake dangwalawa, gwamnati ta ce ba mai gani.

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, wancan karon ma ita tac ce."