Ranar da Aka Ɓoye Hajo a Rumbu

Wata Asabar ce, a bazarar farko bayan da Nijar ta samu 'yancin kai. Ina tsugune a gindin ɗurumin ƙofar gidanmu ina carafke ni kaɗai, sai ga farar motar likita ta kunno kai daga hanyar Cadawa. Shekarata tara. A wata ranar da tuni na bi ta da gudu, amma ran nan ban motsa ba, don na san halin da muke ciki. Ƙanwata Hajo kwana biyu ke nan jikinta kamar garwashi, wuyanta ya sandare, ko ƙafarta ba ta iya dubawa. Sanƙarau ne, ciwon da tun shigowar zafi yake ɗauke yaran garinmu, har aka rufe lakol, makarantarmu ta boko, aka daina gaɗa a dandali.

Baba ne maigida, amma Iya, mahaifiyarsa, ita ke yanke magana. A bakin rijiya ta jiyo cewa lokotoron, wato likitan da ke yawo ƙauyuka, mace ce, kuma Bayahudiya. Kaf garinmu ba wanda ya taɓa ganin Bayahude da idonsa. Zagi ne kawai muka tashi muka tarar a bakin manya. Iya takan jefa wa marowaci, takan jefa wa akuyarmu in ta sa baki a tsaba. Aka ce duk ɗan Musulmin da allurar matar nan ta taɓa ba ya kwana. Wa ya gani? Babu, kowace daga wata ta ji. Don haka Iya ta sa aka ɗauki Hajo aka saka ta cikin rumbunmu da gero ya kusa ƙarewa, Inna, mahaifiyarmu, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ni kuma aka koya mini in ce ta tafi Gangara wajen goggonmu.

Da matar ta shigo sai na ga ba wata dodo ba ce: gajeruwa, furfura ta fara yi mata, leɓenta ya bushe kamar na kowa. Ta tambayi yaran gidan da gurguwar Hausarta, na shirga mata ƙaryata ba ko ƙifta ido, ta wuce maƙwabta. Ina cikin jin na yi gwaninta na jiyo nishin Hajo. Duk wanda ya san rumbu da tsakar rana a bazara ya san tanda ne. Ban yi shawara da kowa ba, na cika ƙoƙo a randa na hau tsani. Na manta dangarmu ta kara ce, kuma iska ta ci rabinta. Ina ɗaga murfi na ji muryar matar daga can gidan maƙwabta: "Yarinya, gero shina shan ruwa?"

Kafin ta zagayo, Iya ta tsaya gaban rumbu da taɓarya a hannu. "Wagga ba ta taɓa min jika ina da rai!" Baba ya aika a kira Liman. Sai ga abin da har yau ake labarinsa: matar ta gaishe shi da Larabci, ba na koyo ba, Larabci zalla kamar ruwa. Ashe a Aljeriya aka haife ta, cikin Musulmi ta girma. Suka daɗe suna magana, sannan Liman ya juyo yana goge zufa. "Iya, wallahi Larabcinta ya hi nawa. Mutanen Annabi Musa na. Ta ce yau ranar hutunsu ta, amma a addininsu ceton rai shina gaban hutu. Ke mi kika gani da idonki da ta yi ma wani?" Ran nan na fara ganin Baba ya ƙetare maganar uwarsa. Ya duƙa ya ce, "Iya, ki gahurce ni," ya hau tsani ya fito da Hajo, ta yi laushi kamar tsumma.

A bukkokin da aka kafa bayan gari aka kwantar da ita, ana yi mata allura safe da yamma. Ni ke kai kunu, ni ke ɗebo ruwa, ni ke kora awaki, amma hankalina yana wurin Hajo, ga tsoron in ta mutu laifina ne tunda ni na tona. A rana ta huɗu da hantsi na ajiye kwano a bayanta na kira sunanta, sai ta waiwayo. Wuyan nan da ya kafe shi ya juya. Ta ɓata fuska ta ce kunun ba tsamiya. Inna ta zube tana hamdala, ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini, na ji kamar an sauke mini tulu daga kai.

Iya ba ta iya ba da haƙuri da baki ba. Zabuwa ta sa aka yanka, ta soya da man shanu, ta kai da kanta. Matar ta yi godiya ta ce su ba sa haɗa nama da abin da ya fito daga nono. Muka zaci Iya za ta hau, sai ta ce, "Ashe ku ma kuna da abin da ba ku ci." Ta koma gida ta dama mata fura, ta tsaya a kanta har ta shanye. Tun daga ranar, duk yaron da ya yi wancan zagin a gidanmu sai kunnensa ya gaya masa.

Yanzu akwai likita a kusan kowace gunduma, ba mai ɓoye ɗansa a rumbu. Amma nakan ji jikokina suna karanto wa juna a wayar salula maganganun da ke tsine wa al'umma guda ɗungurungum, mutanen da ba su taɓa zama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Nakan ce su je Agiye su gaida kakarsu Hajo, su ƙirga 'ya'yanta da jikokinta, sannan su dawo mu yi magana. Motar ta bar garinmu kafin ruwan shuka, ba ta sake dawowa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne duk gidanmu ba wanda ya tambayi sunanta.