Yashin Kaskon Kakata

Duk lokacin da na bi ta bakin kasuwa na ji ƙamshin gyaɗar da ake soyawa cikin yashi, sai in ƙara sauri. Ba na saye, ko kyauta aka ba ni ba na ci.

Kakana lanƙwasa bututun ƙarfe ne aikinsa. Kujeru, gadaje, mazaunin kaya na babur, duk daga rumfarsa ta ƙofar gidanmu suke fitowa. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tsohuwar janti, ƙarfen nan da tayar mota ke zama a kai, an kafe ta kwance bisa turke. A kwarinta bututun ke kwanciya, ƙugiya ta riƙe bakinsa, shi kuma ya ja ɗaya bakin a hankali har ƙarfen ya bi zagayenta. Amma ka san bututu ba kome a cikinsa. In aka ja shi haka nan sai ya lotse a gwiwa. Shi ya sa ake ɗura masa yashi, ana bubbugawa har ya cika dam, a toshe bakunan da itace, sannan a gasa wurin a gawayi har ya yi ja.

Yashin na kakata ne, wanda ta gama suyar gyaɗa da shi, busasshe ƙarau.

"Ɗanyen yashi harbi yake," haka take cewa in tana juye masa.

Sai ya leƙo ni a bayan ƙyaure, inda nake maƙalewa ina kallo. "Matata bebiya, kin ji tsohuwa? Wai ita ka koya mini aikina."

Wata damina aka yi rasuwa a Madekali, kakata ta tafi gaisuwa, ruwa ya yanke hanya har babur ba ya wucewa. Yashinta ya ƙare. Ga wani mutumin Gaya mai dakon shinkafa kullum yana rumfa, yana jiran hannuwan amalankensa. Kakana ya sa aka ɗebo yashi daga bakin kogi. Innata ta ce ya bari ta soya masa.

"Bar wahala, ɗiyata. Rana ma wuta ce."

Ya shanya shi a kan kwanon rufi. Rana ta leƙo tsakanin gajimare, ya taɓa saman ya ji ɗumi, ya ɗura.

Dawowata ke nan daga lakwal, makarantarmu ta boko, ko jaka ban sauke ba. Bututun yana wuta. Na ga itacen toshiyar ya yi gumi, wani ɗigo ya taru a ƙasansa, kuma akwai siririyar ƙara irin ta butar shayi. Shi ma ya ji ta. Ya saki zugazugi ya sunkuya ya duba.

Ban tuna ƙarar fashewar ba. Abin da na tuna, yashi a haƙorana, da kakana zaune a ƙasa hannuwansa a fuska, yana ta salati. Mutumin Gaya ne ya goya shi zuwa gidan likita. Idanun biyu duk suka tafi.

Da kakata ta dawo ba ta ce na gaya maka ba. Ta kife kaskonta a bayan ɗaki, har ta rasu ba ta sake suya ba. Shi kuwa duk kujerar da aka ba shi sai ya laluba gwiwarta da babban yatsa kafin ya zauna. "Wannan ta lotse," ya ce. "Wane raggo ya yi ta?"

Yau a garejin da ke hanyar gada akwai inji mai bakuna iri-iri, kowane kaurin bututu da nasa. Ba yashi, ba wuta, danna ƙarfe kawai ake ya lanƙwashe. Na yi murna da haka, wallahi. Jantinsa tana nan a ƙofar gida, akuya muke ɗaurewa. Ni kuma ko a aji, kafin in zauna, sai in tarar yatsana ya riga ni zuwa gwiwar kujera.