Kulocin da Ya Ƙi Takuwa a Hanyar Ibeto

Jama'a, ni bakanike ne a Kontagora, kuma wallahi abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba wani ne ya ba ni labari ba. Shekara tara ke nan, amma duk ran da na tuna sai raina ya ɓaci sabo.

Wata rana da hantsi, lokacin kaka, wani direba da ake kira Ɗanjuma ya yi mini waya cewa tsohuwar motarsa ta tsaya a wani hawa kan hanyar Ibeto, ɗauke da buhunan masara, kuloci na ta sulɓewa. Na hau babur na je. Motar nan ta girme ni, birkin hannunta ya mutu tun ban fara aikin gareji ba, kuma irin waɗannan idan an tsaya a hawa giya ake bar su a ciki, a kawo dutse ko gungume a sa waigi a bayan taya. Kun ga ke nan idan babu waigi, da zarar an taka kuloci giyar ta saki, mota sai ta gangara.

Na tambaye shi, "Ɗanjuma, ka sa waigi?"

Yana tauna rake ya ce, "Haba Oga, tun ɗazu. Yau na fara tuƙi?"

Ni kuma da wautata ban zagaya na duba ba. Na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi, ƙafafuna daidai bayan tayar gaba, na sa sifana na sassauta notin rodin kulocin don in ba shi ɗan wasa kamar faɗin yatsa biyu. Gyaran nan aikin mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa yana kallon rodi, ɗaya a sama yana takawa. Na ce ya hau ya taka mini.

Rodin bai motsa ba. Na sake cewa ya taka, sai ya ce wai yana takawa, abin ya ƙi sauka.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni, don ga rana, ga baƙin mai na ɗiga mini a fuska, ga ƙaton banza ya kasa taka abin da na sassauta da hannuna. Babu irin maganar da ban gaya masa ba. Ina jin kujera na ƙara saboda yadda yake dannawa, ina kuma kallon rodin yana rawa kamar igiyar da ake ja ta gefe biyu, amma bai matsa ba ko kaɗan. Na rantse muku babu abin da ya tokare shi, da idona nake gani.

Na jawo jiki na fito don in sauko da shi in taka da kaina. Ko miƙewa ban gama yi ba na ji kulocin ya faɗa ƙasa, motar ta yi baya da kayanta, tayar gaba ta bi ta kan buhun da na tashi a kai ta murƙushe akwatin sifanuna, sai da ta faɗa kwalbati ta tsaya. Babu waigi, ko tsakuwa bai sa ba.

Ɗanjuma na fitowa daga motar na shaƙo wuyan rigarsa na ce, "Kai, 'ya'yana huɗu! Me zan ce ka yi mini?" Da wasu manoma ba su ɓamɓare ni ba, ban san inda za mu tsaya ba. Kun san abin da ya ce? Wai ai Allah ya kiyaye, mantawa ya yi.

Bayan an jawo motar an sa waigi na gaske, na koma ƙarƙashi in ga abin da ya riƙe rodin. Ban sami komai ba sai shatin yatsu huɗu a cikin tsohon giris, ta saman rodin, wajen da hannuna ba ya kaiwa, kuma kowane yatsa ya yi biyun nawa. Na nuna wa ɗaya daga cikin manoman, wani dattijo, ya leƙa ya daɗe yana kallo, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi.

Ban sake taɓa motar Ɗanjuma ba, ko gaisuwarsa ba na amsawa. Ku da kuke shiga ƙarƙashin mota, don Allah ku sa waigi da hannunku, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke da direban. Ni an riƙe mini sau ɗaya, kuma har yau ban san wanda zan yi wa godiya a wurin nan ba.