Goggo Dakata da 'Yan Aiken Manhaja

Da ta sallami yara makaranta, sai ta ture kofuna gefe, ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, ta hau karanta abin da muka rubuta. Manhajarmu ta kyauta ce, kowa na iya sa hannu, kuma ƙananan asibitoci na amfani da ita wajen lissafa maganin jarirai. Aikin wannan baiwar Allah shi ne duba kowane gyara kafin ya shiga, ba ko sisi. Mu muka laƙaba mata Goggo Dakata, don kalmar ba ta barin bakinta.

A manhaja akwai guntayen umarni masu ƙaramin aiki, muna ce musu 'yan aike. Halinmu, kowa ya ƙirƙiro nasa ya raɗa masa sunan da ya ga dama. Ranar sakin sabon zubin manhajar, asibitoci na jira, ta tsinci uku masu karɓar nauyin jariri: “gyara”, “gyara sabo” da “gyara na ƙarshe”. Ta hana a saki.

Jagoranmu ya kira ta, muna kan layi. “Goggo, don Allah! Suna ne fa kawai. Na yi wa mutane alkawari.”

“Ƙanena, wanne cikin ukun ke lissafa maganin zazzaɓi?”

Ya hau kame-kame. Wani ya yi gunaguni a nemo mai dubawa mai sauƙin kai, kuma ta ji shi sarai. Ta bi ukun layi-layi, ga shi na ƙarshen yana cike nauyi zuwa kilo na gaba: kilo ɗaya da rabi ya koma biyu. Bakwaini zai sha maganin wanda ya fi shi girma.

Ta haɗe su suka zama ɗaya, ta sa masa suna mai faɗin aikinsa: “nauyi ba cikewa”. Sakin ya makara, aka sha mita.

Ke ce kika yarda a ji haushinki, Goggo, mai ido a kan kowane layi. Yanzu idon ya gaji, likita ya ce ki huta, kuma wallahi tsoro nake ji. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku hau kujerarta, ku koyi cewa a dakata ko da ana hararar ku. Akwai uwar da ta goya jaririnta ta koma gida lafiya, ba ta ma san an taɓa yin gardama a kansa ba.