Mata Tara, Lambar Waya Ɗaya

Ina zaune a ofishin ƙungiyar manoman citta da nake wa aiki a Kafanchan, sai ga Mama Rifkatu daga Kwoi a kan mashin. Na miƙa mata ruwa, ba ta ko kalla ba.

"Ɗana, an manna sunayen masu karɓar iri. Nawa kaɗai na gani. Ina na sauran matan zumuntarmu ta coci?"

Sunayen manomanmu suna cikin rumbun bayanai ne a intanet. Makon jiya na saka masa tiriga, wato umarnin da ke aiki da kansa duk lokacin da aka shigar da sabon suna. Idan lambar wayar ta riga ta shiga, sai ya ture sunan gefe. Don maganin masu rajista sau biyu na yi, har da yabon kaina.

Da na duba, sai ga mata tara da lamba ɗaya.

"Mama, ai duk lambarki suka sa."

"To ta wa za su sa? Ni ce mai waya. In saƙo ya zo, bayan sujadar Lahadi nake karanta masu."

Kunya ta kama ni. Nan take na gyara tirigar, yanzu sai sunan mutum da ƙauyensa da lambarsa duk sun zo ɗaya da na wani kafin ta ƙi shi. Na mayar da sunayen. Mama ta sa na karanta su tana bi da yatsu, sannan ta ɗauki ruwan ta sha.

Daga kujerar ofis na yanke cewa kowa da wayarsa. Ku a ƙauyenku, mutum nawa ke jiran saƙo a waya ɗaya?